Maiɗakina ta kamu da tarin fuka, Hajiya ta ce a mayar da ita gida: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne, ina zaune a Tudun Jukun, Zariya, a gidanmu na gado tare da mahaifiyata da ƙannena. Maiɗakina ta yi wata uku tana tari da zazzaɓin dare, mun sha na kemis mun sha na gargajiya, sai kwanan nan gwajin majina ya nuna tarin fuka ne. Yau kwananta tara da fara magani. 'Ya'yanmu uku, ƙaramin watansa bakwai, yana shan nono. Hajiya ta ce a mayar da ita gidan iyayenta har ta warke, a yaye yaron, kafin nan a ware mata kwano da moɗa. Ba na son saɓa wa Hajiya, kuma ba na son unguwa ta ji, domin an sa ranar auren ƙanwata. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Na daɗe ina aikin jinya tare da masu wannan ciwo a nan Zariya, kuma shawarata a taƙaice ita ce kada ta tafi, kada a cire yaron daga nono, ware kwano kuwa ba ya tsare kowa. Amma ba da gajeriyar magana za ka tunkari Hajiya ba, don haka bari in faɗa maka dalilai yadda kai ma za ka iya kai mata su.

Tarin fuka a iska yake tafiya. Idan mai ciwon a huhu ya yi tari ko atishawa, ko ya yi magana da ƙarfi, ƙwayoyin cutar sukan fito su tsaya a iskar ɗaki, kuma a ɗakin da yake rufe suna iya yin sa'o'i kafin su gushe. Wanda ya daɗe yana shaƙar wannan iskar shi ne yake cikin haɗari. Ba ya bin kwano, ba ya bin moɗa ko cokali, ba ya bin zane ko buta ko musafaha. Ba gado ba ne kuma. Abin da ya sa ake ganinsa a zuri'a ɗaya shi ne ɗaki ɗaya suke kwana. Ba sammu ba ne, ba jifa ba. Tun 24 ga Maris 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo shi, shi ya sa har yau ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne lokacin. Haɗarin da Hajiya take tsoro ya riga ya wuce ta kanku a watanni ukun da maiɗakinka take tari ba a san ko mene ne ba, kuna kwana tare, yara na jikinta, taga a rufe. Daga ranar da ta fara magani ƙarfin yaɗawar yake raguwa da sauri, kuma ga mafi yawan masu tarin da ke jin magani, bayan kamar mako biyu ana sha ba fashi haɗarin ya ragu ƙwarai. Ita tana kwana na tara. Ke nan za a kore ta ne daidai lokacin da ta kusa daina zama barazana ga kowa. Abin da ya dace a 'yan kwanakin nan shi ne a buɗe taga da ƙofa, ta riƙa zama a tsakar gida da rana, ta rufe baki da hanci in za ta yi tari, ta sa takunkumi idan tana shayarwa, majina kuma ta tofa a gwangwani mai murfi a zubar a masai. In akwai halin yara su kwana wani ɗakin na ɗan lokaci, a yi. Da hunturu ne aka fi samun matsala, domin kowa na toshe taga da tsumma saboda sanyi da ƙura. Gara a ƙara bargo a bar taga ɗaya a buɗe.

To, me mayar da ita gida zai jawo? Da farko za a kai ta wani gida mai nasa yaran da tsofaffin. Na biyu za a raba ta da asibitin da ya buɗe mata kati, ya san nauyinta, ya san ranar karɓar maganinta. Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, mace ba ta jin "je ki gida ki yi jinya" a matsayin jinya kawai. Tana jin an guje ta ranar da ta fi bukatar mijinta, tana kwana da tunanin ko takardar saki ce za ta biyo baya. Wadda zuciyarta ta karye ba ta cin abinci, wadda ba ta ci kuwa maganin yana wahalar da ita, daga nan sai fashi. Da yawan matan da muke nema mu rasa a wata na biyu ko na uku, in aka bi sawu sai a tarar an kai su ƙauye wajen Giwa ko Soba, katin yana nan Zariya, su kuma an koma ba su jiƙo da hayaƙi.

Ba na cewa tafiya gida haramun ce. Akwai matar da a gidan mijinta babu mai ɗauke mata girki da wanki, mahaifiyarta kuwa za ta riƙe ta hannu bibbiyu. In haka ne, kuma ita da bakinta ta nema, sai a je asibiti a karɓi takardar sauyin wuri zuwa cibiya mafi kusa da gidan iyayen, a tabbatar sun karɓe ta, kai kuma kana zuwa kana kai cefane. Wannan daban yake da a tattara mata kaya saboda ƙyama. Ka tambaye ta, Malam. A duk tambayarka ban ga inda aka ji ta bakinta ba.

Yanzu maganin kansa, domin nan ne aikinka yake. Wata shida ne. Wata biyun farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa a ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata huɗun da suka biyo baya ana ci gaba da biyun farko. Yawan ƙwayoyin da za ta sha ya danganta da nauyinta, shi ya sa ake ɗora ta a sikeli duk zuwa. Ana sake gwajin majina a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Gwajin majina da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, kuma kada ka yarda ka saye shi a kemis ko da wani ya ce maka na can ya fi ƙarfi.

Tarkon yana wajen mako na huɗu zuwa na takwas. Tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, ta fara cin abinci, fuska ta ciko, masu dubiya suna cewa "ai Alhamdulillahi ta warke". A nan ne mutum yake fara jin ƙwayoyin sun yi masa yawa. Alhali cutar ba ta mutu ba, rage mata ƙarfi aka yi. Idan aka tsaya, ko aka riƙa sha yau a bari gobe, tarin yakan dawo, kuma yana iya dawowa ba ya jin rifamfisin da isoniyazid. Wannan shi ne tarin fuka mai bijire wa magani. A da jinyarsa takan kai wata 18 zuwa 20 ko fiye, da allurai masu iya kashe ji. An samu sauƙi, domin a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla ga da yawa daga masu irinsa, amma duk da haka ciwo ne mai wuya, kuma wanda ya ɗauka daga jikin mai shi, mai bijirewar zai ɗauka kai tsaye, ko da jariri ne. Mu a Zariya mun yi dace da cibiyar horas da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, inda ake gwaji da jinyar irin wannan, amma ba na fatan maiɗakinka ta kai ga bukatar gado a can.

Saboda haka ne ake neman kowane majinyaci ya samu mai tsaya masa a kan shan magani, wanda zai ga an haɗiye da idonsa ya sa alama a kati. Kai ya kamata ka zama wannan mutumin. Ana shan sa sau ɗaya a rana, ciki babu abinci, don haka ka ɗaure shi da sallar asuba: ka dawo daga masallaci, ka miƙa mata ruwa da ƙwayoyin, ka sa alama, sannan a karya bayan kamar awa ɗaya. Kada ka yi shi kamar ɗan sanda. Wata rana za ta ce maka ta gaji, cikinta na tashi, ba za ta sha ba. Ranar lallashi ake yi, kuma a gaya wa ma'aikatan asibiti, domin yawancin irin wannan damuwa akwai dabararta.

Ku san abin da za ku gani don kada ku firgita. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har gumi da hawaye. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne. Zugi ko jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa daga isoniyazid ne, ana ba da bitamin B6 saboda shi, mai shayarwa kuwa ta fi bukatarsa. Ciwon gaɓoɓi ma yakan zo. Waɗanda ba a jira da su su ne idanu su yi ɗorawa irin na shawara, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya fara dushewa. In an ga ɗaya daga ciki, a tafi asibiti a ranar. Magungunan nan ta hanta suke bi, don haka a dakata da jiƙe-jiƙe da sassaƙe a tsawon jinyar. Addu'a da tofi ba su hana magani, maganin ma ba ya hana su. Idan tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ko tana da ashanar tazarar haihuwa a hannu, ku faɗa, domin rifamfisin na rage musu ƙarfi, sai a sauya mata wata hanyar. In kuma azumi ya riske ta a cikin jinya, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Wadda ta ji ƙarfi har ta ce za ta yi, ta fara zuwa a tsara mata lokacin shan, ba ta ajiye magani sai bayan salla ba.

Batun yaran shi ne gaggawa, ya fi batun kwano nesa ba kusa ba. Ka kai su ukun a duba su cikin makon nan. Yaro ƙasa da shekara biyar da ya zauna da mai tarin fuka yana iya kamuwa da sauri, kuma nasa yakan yi muni, har ya hau ƙwaƙwalwa. Sau da yawa ba ya zuwa da tari mai ƙarfi: sai dai ka ga yaro ba ya ƙiba, ba ya wasa, zazzaɓi na tafiya na dawowa. Tun da ƙananan ba su iya kako majina, akan yi hoton ƙirji, a wasu cibiyoyin ma ana gwada bayan-gidansu da na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar cutar. Idan an ga ciwon, a fara jinya, yara na warkewa sarai. Idan ba a gani ba, akwai maganin kariya na wata uku ko shida, gwargwadon wanda aka zaɓa musu. Iyaye kan ce don me za a ba lafiyayyen yaro magani. Dalili shi ne ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shiru ta tashi daga baya, maganin kariyar kuwa yana kashe ta tun tana kwance. Allurar BCG da aka yi musu da haihuwa tana rage munanan nau'o'in ciwon ga yara, amma ba ta isa a ce an gama ba.

Nono kuwa a ci gaba. Cutar huhu ba ta bin ruwan nono, kuma ɗan abin da ke shiga cikinsa na magani ba ya cutar da yaro. Yaye ɗan wata bakwai a wannan tsadar madara, ga gudawa ga tamowa, jefa shi ne cikin haɗarin da ya fi wanda ake gudu, domin yunwa ita ce babbar ƙofar tarin fuka.

Manyan gidan ma a duba su, har da kai, har da Hajiya. Tarin fuka ya fi kama maza a kan mata, kuma shagon ɗinki mai mutum biyar da taga ɗaya wuri ne da ya kamata a yi tunani a kai. Tsoho mai tarin da aka saba da shi ana cewa na tsufa ne, mai ciwon suga, mai shan taba, duk a gwada. Ba don a gano wanda ya sa mata ake yi ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar wannan ƙwayar, kaɗan ne daga ciki take tasar wa, galibi idan jiki ya yi rauni da haihuwa ko yunwa ko wata cuta. Ba wanda zai iya nuna ranar da ta shiga jikinta. Za a kuma yi mata gwajin ƙanjamau in ba a riga an yi ba. Kowane mai tarin fuka ake yi wa, kuma mafi yawansu a Najeriya ba su da shi. Kada wannan ya zama abin zargi a tsakaninku.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye maka ba. Magani kyauta ne, jinya ba kyauta ba ce. Binciken da aka yi a Najeriya a 2017 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na gidajen masu tarin fuka sun kashe ko sun yi asarar abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari na samunsu na shekara. Kuɗin Keke ne, da abinci, da ranakun da ba a fita nema ba, da abin da aka zubar a kemis kafin a gane ciwon, kamar yadda ya faru da ku. Abin da zai rage maka shi ne ka nemi a mayar da karɓar maganin cibiya mafi kusa da gida, ba dole sai asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba ba, domin ƙananan asibitocin unguwanni da dama suna bayarwa. Abinci kuma ba sai na gwangwani ba: wake, ƙwai in an samu, ƙuli-ƙuli, awara, kunun gyaɗa, zogale, kifi busasshe a miya, madara ko nonon da aka tafasa. Ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. A ɗauke mata surfe da jan ruwa a rijiya da girkin itace a 'yan makonnin nan, hayaƙi na tayar mata da tari. 'Yan'uwan da ke tambayar me za su kawo, ka ce musu mudun wake da kuɗin mota.

Sai batun unguwa da auren ƙanwarka. Ciwon maiɗakinka sirrinta ne, ba wanda ya wajaba a yi wa shela, ma'aikacin lafiya ma ba shi da izinin faɗa wa kowa ba da yardarta ba. Amma akwai ɓoyon da ke kisa. Na ga waɗanda suke tsallake asibitin unguwarsu su tafi Samaru ko Sabon Gari don kada a gan su, kuɗin mota ya ƙare, magani ya tsaya. Na ga waɗanda suka hana a duba yara don kada a yi zance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ita ko ya daɗe yana zama da ita a rufaffen wuri yana da haƙƙin ya sani don ya je a duba shi. Sauran jama'a "tana jinya, tana samun sauƙi" ya ishe su. Kuma ka lura, babu abin da zai tayar da tsegumi kamar a ga matar gida ta ɓace ana saura kaɗan biki, an yaye jariri ba lokacinsa ba. Ƙanwarka ta je a duba ta kamar kowa. In lafiyarta ƙalau, babu abin da ya taɓa aurenta. In ma an samu, wata shida ne ta warke ta haihu kamar kowace mace. Maiɗakinka kuma, in ta yi makonni tana shan magani kuma asibiti sun gamsu, ta shiga biki ta zauna cikin 'yan'uwa.

Wannan kunyar ba gidanku kaɗai take ci ba. Ana ƙiyasin kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da tarin fuka a Najeriya duk shekara, mu ne kan gaba a Afirka. A 2019 kimanin 120,000 kawai aka gano. A 2023 adadin ya haura 360,000. An ci gaba sosai, amma ragowar suna nan a gidaje da shaguna da makarantun allo suna tari, kuma da yawansu tsoron abin da ake shirin yi wa maiɗakinka ne ya hana su zuwa gwaji. Matan gidanku da na maƙwabta suna kallo. Abin da aka yi mata shi zai gaya musu ko su faɗa in tari ya kama su ko su yi shiru.

Hajiya kuwa ba mugunta take yi ba. Ta taso a zamanin da ta ga wannan tari yana ɗaukar mutane, jikokinta take karewa da abin da ta sani. Kada ka je mata da "likita ya ce ba haka ba ne" a gaban surukarta ko ƙannenka. Ka same ta ita kaɗai bayan isha'i, ka fara da abin da kuka haɗu a kai, wato lafiyar yaran. Ka roƙe ta ta raka ku ranar da za a duba su, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya, ta yi tambayoyinta da kanta. Tsofaffi sukan karɓi magana daga bakinmu wadda ba za su karɓa daga ɗan cikinsu ba. In da wani kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka fara fahimtar da shi. Sannan ka ba ta aiki a cikin jinyar: ita ce mai ba yaran maganin kariya kullum, ita ce mai sa ido a kan abincin mai jego. In ta dage a kan kwano, bar mata kwanon na 'yan kwanaki, amma ka gaya wa maiɗakinka a ɗaki cewa kai ka san ba shi da tushe, kuma ka riƙa zama kuna ci tare a tsakar gida inda kowa zai gani. A kan nono da tafiya gida ne ba za ka sassauta ba.

Gobe in Allah ya kai mu ka ɗauki katinta da katunan rigakafin yaran ku koma inda aka ba ta magani, ka ce kun zo gwajin mutanen gida. Ka rubuto sunan duk wanda ke kwana a sashenku da duk mai tari a gidan, ka karɓi lambar wayar mai kula da ita, ka tambayi ranar gwajin majina na ƙarshen wata na biyu ka rubuta a bangon shago. In wani abu ya shige maka duhu, akwai layin kyauta na shirin tarin fuka na ƙasa, 3340.